Baƙuwa A Aji Uku: Amsa Ga Wata Malamar Firamare

 Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga hannun wata malamar makarantar firamare da ke koyarwa a wata unguwa ta bayan birnin Kano. Ta roƙe mu da mu sakaya sunanta da na makarantarsu, mun kuwa yi mata hakan. Wasiƙar ta yi tsawo, amma ga gundarin abin da take cewa:

"Ina riƙe da aji uku, yara saba'in da huɗu. Mako uku da komawarmu zango na biyu sai aka kawo mini wata yarinya mai kimanin shekara tara, wadda iyayenta suka baro ƙauyensu a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, yanzu tana zaune wajen gwaggonta. Ba ta zo da takardar canjin makaranta ba, ba katin sakamako, ba yunifom. Ran da ta fara magana a aji yara suka fashe da dariya saboda Hausarta, tun daga nan ta kulle bakinta. Yanzu ta soma fashi, a mako ta zo sau biyu ko uku. Hedimasta ya ce a mayar da ita aji ɗaya tunda ba ta iya karatu ba, gwaggon kuma ta aiko cewa in boko ba ta karɓe ta ba za ta ɗora mata talla. Malam, yaya zan yi?"

To, Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Malamin da ke da yara saba'in da huɗu a gabansa har ya lura cewa ɗaya ta yi shiru, ya kuma zauna ya rubuto wasiƙa a kanta, wannan ya cancanci a gaishe shi.

Kafin in ce komai bari in fara da laifin kaina, domin kada ki zaci mai maganar daga littafi kawai ya karanto. Bayan na samu takardar shaidar malanta ta NCE, na yi shekara shida ina shan ƙurar alli kafin in shigo aikin rediyo. A shekarata ta biyu aka kawo mini wani yaro a tsakiyar zango, ɗan wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki. Ni kuwa a lokacin ina ji da sabon ilimi, na ce bari in san matsayinsa nan take. Na tsayar da shi a gaban aji, na miƙa masa littafin Turanci, na ce karanta. Yaro ya buɗe baki, harshe ya sarƙe, ya maimaita kalma ɗaya sau uku. Kafin a tashi tara yara sun laƙa masa wannan kalmar ta zama sunansa. Bayan mako biyu ya daina zuwa. Kullum da safe yana fita daga gida da jakarsa, amma a bakin tashar mota yake wuni, mahaifinsa bai ma sani ba. Sai da na yi wata guda ina sintiri gidansu kafin ya dawo, kuma har shekarar ta ƙare bai taɓa ɗaga hannu a ajina ba. Daga baya na gane ya iya karatun sarai, tsoro ne ya kama shi. Ni na so in san abin da ya sani, shi kuwa a wannan safiya abin da ke ransa shi ne a ina zai zauna, wa zai yi wa magana, kuma ina ne bayan gida.

Wannan shi ne tushen amsata gare ki. Yaron da ya shigo aji a tsakiyar shekara sai ya samu wurin zama da suna da aboki kafin a tambaye shi abin da ya iya. In aka juya tsarin, aka fara da gwaji a gaban jama'a, to, abin da za a auna tsoronsa ne, ba iliminsa ba.

Irin wannan baƙo ba sabon abu ba ne a makarantunmu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a shekarar 1976 ajujuwa suke karɓar 'ya'yan 'yan sanda da sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da ake yi wa iyayensu canjin wurin aiki ba tare da an dubi kalandar makaranta ba. Akwai yaron da mutuwa ko rabuwar aure ta mayar da shi gidan kaka, akwai wanda aka bayar riƙo, akwai 'ya'yan makiyaya waɗanda saboda su aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa a 1989. Abin da ya ƙaru a zamaninmu shi ne masu gudun tsira da rai: rikicin Arewa maso Gabas tun daga 2009, hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato da wasu sassan Kaduna da Neja, sai kuma ambaliya, kamar wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, daidai farkon shekarar karatu. Wanda ya fito a guje cikin dare ba ya tsayawa ofishin hedimasta ya karɓi takarda. Saboda haka rashin takardar yarinyar nan kada ya ba kowa mamaki, kada kuma ya zama abin goranta mata. Amfanin takardar canjin makaranta shi ne ta taimaka a san ajin da yaro ya kai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta shekarar 2004 ta tanadi karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta kuma tilas ga kowane yaro, ba ta ware wanda ya baro takardunsa a ƙauye ba.

Yanzu mu dawo kan ajinki. Da a ce tun kafin ta zo kika rubuto, da na ce ki roƙi hedimasta ya riƙe ta a ofis ko da na minti goma ne, ki je ki shirya aji tukuna. To, wannan ya wuce, dariyar an riga an yi ta. Amma ba a makara ba, ana iya sake karɓar baƙo karo na biyu.

Ki zaɓi ranar da ba ta zo ba, ki yi magana da yaran. Kada ki ɗauki bulala, kada kuma ki nemi wanda ya fara dariyar, domin in kika doki yaro saboda ita, a hanyar gida ita za ta biya. Ki tambaye su, wa ya taɓa zuwa garin da bai san kowa ba? Wa ya tuna ranar da aka fara kawo shi aji ɗaya yana kuka? Za ki ga hannuwa. Sannan ki ce musu ajinmu ya yi baƙuwa kuma ba mu yi mata shimfiɗa ba, alhali su kansu sun ji a gida ana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Iyakar abin da za ki faɗa game da ita shi ne ta zo daga Zamfara, tana zaune wajen gwaggonta. Labarin gudu da abin da ta gani a ƙauyensu nata ne, ba na aji ba ne. Wasu malamai, da kyakkyawar niyya, sukan tsayar da yaro su ce ku tausaya masa, an kashe masa wane, an ƙone musu gida. Wallahi wannan ma wani tambari ne. Yau za a tausaya, gobe in faɗa ya haɗa su da shi za a zage shi da "ɗan gudun hijira".

Maganar Hausarta kuwa, a nan ina so in ɗan daɗe, domin ita ce ta rufe mata baki. Yarinyar Zamfara za ta ce "shina zuwa" inda Bakano zai ce "yana zuwa", ta ce "mi" maimakon "me", ta ce "hwari" da "tahi" maimakon "fari" da "tafi", ta ce "ɗiya" inda ku kuke cewa "'ya". Ba kuskure ba ne, karin harshen yamma ne, na Sakkwato da Zamfara da Kabi, kuma da shi manyan makaɗa irin su Narambaɗa da Musa Ɗankwairo suka yi waƙoƙin da iyayen yaran nan ke saurara a rediyo suna kaɗa kai. Daidaitacciyar Hausa da muke rubutu da ita an gina ta ne galibi a kan karin Kano, shi ya sa yaran Kano ke zaton tasu ce kaɗai Hausa. Ki mayar da abin darasi. A lokacin darasin Hausa ki raba allo gida uku ko huɗu, ki rubuta yadda ake faɗin abu ɗaya a Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato. A aji mai yara saba'in a Kano ba za ki rasa wanda kakarsa Bakatsiniya ce ko Bazazzagiya ba. Ki fara da su. In an zo kan na Zamfara kada ki tashe ta tsaye, ke ki rubuta, ki ɗan yi kuskure da gangan, ki waiwaya ki ce ko akwai mai gyara mini? In ta gyara, madalla, ta zama mai sani a gaban waɗanda suka yi mata dariya. In ba ta tanka ba ki wuce, ta dai ji cewa malamarta ba ta raina harshen gidansu ba. Ke ma kanki ki kiyaye, kada ki riƙa gyara mata lafazi a bainar aji. Ƙa'idar rubutu za ta koya a littafinta, sannu a hankali, tsakaninki da ita.

Sai wurin zama. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ke kuwa kina da ninkin haka har da ɗoriya, na san kuma benci bai wadata ba. A irin wannan aji kowane benci yana da masu shi, ko da ba a rubuta ba, baƙo kuwa in aka ce masa "je ka nemi wuri" can baya zai ƙare, kusa da ƙofa, ko a ƙasa. Daga kusa da ƙofa zuwa waje taku ɗaya ne. Ke za ki zaɓa mata wuri, a layi na biyu ko na uku, ta gefe, inda idonki zai riƙa kaiwa ba tare da ta zama abin kallo ba. In za ki tayar da wani domin ta zauna, to, ki sauya wa yara biyar ko shida wuri a lokaci ɗaya, ki ce sabon tsari ne, don kada wanda aka tayar ya ƙullace ta. Zama a gaba zai kuma nuna miki wani abu: ko tana ganin allo sosai, ko tana ji in an yi magana daga bayanta. Yara da yawa da ake kira daƙiƙai ciwon kunne ne ko raunin ido ke damunsu, ba wanda ya bincika.

Wa zai zauna kusa da ita? Yawancin malamai monita suke danƙa wa baƙo, ni ban goyi bayan haka ba. Monita mai rubuta sunan masu surutu ce, hukuma ce, ba ƙawa ba ce. Haka wadda ke zuwa ta ɗaya a aji sau da yawa ba ta da haƙurin jiran wani. Ki nemi yarinya mai sanyin hali wadda gidansu ke kan hanyar gidan gwaggon, domin ta riƙa biya mata da safe su taho tare. Wannan biyawar ta fi duk wani wa'azi maganin fashi, saboda yarinyar da ƙawa ke tsaye a zaure tana jiranta da wuya ta noƙe. In da hali ki sa su biyu, don ran da ɗaya ba ta da lafiya kada a koma gidan jiya. Ki gaya musu aikinsu dalla-dalla: su nuna mata bayan gida da wurin shan ruwa, su gaya mata ma'anar kowace ƙararrawa, inda ajinku ke tsayawa a asambili, da abin da ake cewa in ana neman izinin fita. Mu manya muna ganin waɗannan ƙananan abubuwa ne. Amma na san yaron da ya yi fitsari a wando a ranarsa ta farko don bai san yadda ake neman izini ba, wannan abin kunya kuma ya bi shi har aji shida.

Lokacin tara shi ne mafi wuya ga baƙo. A cikin aji kowa na fuskantar allo, ba a gane marar aboki. Da an kaɗa ƙararrawa kowa ya ruga wajen nasa, masu kuɗin tara su nufi mai awara da mai ɗanwake, ita kuma ta rage a jikin bango. Ki ɗan leƙa a makon farko ki ga inda take tsayawa. In ba ta da kuɗin tara, kada ki ba ta a gaban yara. Ki aike ta ta kai miki rajista ofis ko ta ɗauko alli, a can ki sa mata abin da ya sawwaƙa a hannu. Yunifom ma haka, ki yi magana da hedimasta a bar ta da kayan gida na ɗan lokaci, a kuma sanar da malamin da ke tsaron ƙofa da safe, don kada a tare ta a kora ko a sa ta tsallen kwaɗo. A ƙungiyar iyaye da malamai ba a rasa gidan da ke da riga da hijabin da suka yi wa 'yarsu kaɗan.

Akwai wani abu da ban ga kin ambata ba, ina kuma so ki bincika, wato sunan da kike kiranta da shi. A gidajenmu yarinyar da aka sa wa sunan kaka ba a kiran sunan saboda alkunya, sai a ce Ummi ko Mama ko Hajiya, wata kuma sunan rana ne ya bi ta, Ladi ko Talatu ko Jummai. Sai ka ga an rubuta sunan yanka a rajista, malami na ta kira yarinya na kallonsa, domin tun da aka haife ta ba a taɓa kiranta da shi ba. Ga shi kuma a aji ɗaya ana iya samun A'isha biyar. Ki tambaye ta a keɓe, "Wane suna ake kiranki da shi a gida, wanne kike so in riƙa kira?" Wajen rubutawa a babbar rajistar shiga makaranta kuma a kula a sa sunan mahaifinta, ba na mijin gwaggo ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi wa yaran riƙo, ba ya tashi ciwo sai an zo cika takardun jarrabawa ko katin ɗan ƙasa, sunaye su saɓa. In ba ta da takardar haihuwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, a nuna wa gwaggon hanya.

To, sai bayan duk wannan, in ta yi kamar mako guda tana zuwa a jere, sannan a zo maganar abin da ta iya. Ki zauna da ita ku biyu, a kan benci ɗaya, ba ke a tebur ita a tsaye ba. Minti goma ya isa. Ki fara da abin da ba za ta faɗi ba. Ki ce in na ba ki naira ɗari biyu ki sayo mini abin naira ɗari da hamsin, nawa za ki dawo mini da shi? Yarinyar ƙauye da ake aike kasuwa za ta ba ki amsa kafin ki rufe baki, kin ga kin san tana da lissafi a ka, rubuta shi ne ya rage. Ki tambaye ta inda ta kai a makarantar allo. In tana haɗa baƙi da wasali a allonta, to, ta riga ta gane babban sirrin karatu, cewa alama a rubuce tana wakiltar sauti. Abin da ya rage mata sababbin alamomi ne da kuma farawa daga hagu. Daga nan ki nuna mata haruffan boko a warwatse, sannan gaɓoɓi irin su ba, bi, bu, sannan gajerun kalmomi, sannan jimla biyu ko uku, duk da Hausa. Inda ta tsaya nan ne matakinta, ki ce madalla, ki rufe littafi. Wannan hanya ta auna yaro mataki-mataki a koyar da shi daga inda yake, ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yi fice da ita, an kuma gwada ta a wasu jihohinmu kamar Borno da Kano. Ba ta buƙatar komai sai takarda da haƙuri. Ina kuma ba ki shawara ki yi wa sauran yaran ajin irin wannan gwaji a hankali. Ina kyautata zaton za ki tarar ba ita kaɗai ba ce ba ta wuce matakin haruffa ba, ita dai baƙuwa ce shi ya sa nata ya fito fili.

Wannan ya kawo mu ga maganar hedimasta. Ban ce mugunta yake nufi ba, yana ganin gara ta koma ta kafa tushe. Amma a duba da kyau. A zamanin UPE, in ba takardar haihuwa, akan sa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen, in ya taɓo an ce ya isa shiga aji ɗaya, wato ɗan shekara shida ke nan. Yarinya mai shekara tara a cikin irin waɗannan za ta zama zaƙaƙurar doguwa a bayan aji, 'yan ajinki na wucewa suna nuna ta. Ta rasa gida, ta rasa ƙawayenta, sannan a ƙwace mata shekara biyu. Kuma ki yi lissafi, in ta koma aji ɗaya tana da tara, sai tana da sha biyar za ta gama firamare, ke kin san abin da ake fara magana a kai a gidajenmu in yarinya ta kai waɗannan shekaru. A ganina a bar ta cikin tsararrakinta, a ba ta taimako ta gefe. Ki haɗa ta da sauran waɗanda gwaji ya nuna suna matakinta, ki ware musu minti goma sha biyar ko ashirin kullum, kafin asambili ko bayan an tashi, a yi ta haruffa da gaɓoɓi. Tana cikin rukuni ba za ta ji an ware ta ba. Ki je wa hedimasta da ladabi, da takardar gwajin a hannu, ki ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa ƙarshen zangon nan, in ba a ga canji ba sai a sake shawara." Shugaba ya fi saurin yarda da wa'adi a kan gardama. In har daga baya ya zama dole a rage mata aji, to, aji ɗaya tak za a rage, a farkon sabon zango, bayan an zauna da gwaggon an kuma yi wa yarinyar bayani.

Wani wurin da ake cutar baƙo ba da sani ba shi ne wajen haɗa maki. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980 ake tara makin gwaje-gwajen aji a haɗa da na jarrabawa. Yarinyar nan ba ta yi zangon farko a wajenku ba, kada a cika mata gurbin da sifili. Alal misali, in ta ci 60 a zango na biyu ta ci 60 a na uku, matsakaicinta 60 ne. Amma in aka sa mata sifili a zangon farko aka raba uku, sai ya faɗo 40, a ce ta faɗi, alhali ba ta faɗi ba. A bar gurbin fili, a rubuta ranar da ta shigo, a raba da zangon da ta zauna. In da so samu ne ma, a wannan zango kada a sa ta cikin jerin na ɗaya da na biyu, don kada katin farko da za ta kai gida ya ce ta zo ta saba'in da biyar.

Ki kuma sa ido a kan wasu alamu. Yaron da ya ga tashin hankali yakan firgita da ƙarar da sauran yara ba su damu da ita ba, buga ƙofa, ko dukan tebur da sanda, ko rugugin babura da yawa a lokaci ɗaya, tunda a kan babura maharan ke shiga ƙauyuka. Yakan yi gyangyaɗi a aji don ba ya barci da dare. In kin ga haka kada ki tsawata, kada kuma ki matsa mata da tambaya. In wata rana ita da kanta ta buɗe baki, ki saurara, kada ki katse ta, kada kuma labarin ya je ɗakin malamai ya zama abin hira. In firgitar ta yi yawa, ko ta daina cin abinci, a gaya wa gwaggon ta kai ta asibiti, wannan ya wuce aikin malami.

Ita gwaggon kuwa, kada ki aika mata takarda ko saƙon baki, ki taka ki je da kanki da yamma. Ki tuna ita ma nauyi ne ya faɗo mata ba shiri, wataƙila ba yarinyar kaɗai aka kawo mata ba. Dokar 2004 ta tanadi hukunci ga uba ko mai riƙo da ya ƙi sa yaro makaranta, amma in kika shiga gidan da maganar doka kin rufe ƙofa. Ki gaishe ta, ki jajanta, ki ce, "Yaya, na zo ne in gaya miki 'yarki tana da kai, lissafin kuɗi ba wanda ya fi ta a ajina." Mai riƙo ya saba jin ƙara daga makaranta, bai saba jin yabo ba. Sannan ki roƙe ta alfarma ɗaya, ta sake ta da safe har zuwa ƙarshen zango. In tallar ta zama dole saboda halin gida, ni ba zan zauna a ɗakin watsa shiri in ce gida ya kwana da yunwa ba, amma a mayar da ita bayan an tashi makaranta, a cikin unguwa, ta dawo kafin magariba. Ki duba rajistarki ki ga ranakun da take fashi, in ranaku ne sanannu, to, akwai aikin da ke riƙe ta a gida a waɗannan ranaku, sai ku tattauna a kansa. Daga yau kuma duk ran da ta yi kwana biyu ba ta zo ba, a na uku wani ya je, ke ko ƙawayen nan nata.

Iyaye masu saurarenmu da ke shirin ƙaura cikin kwanciyar hankali, ku ma ga naku. In da hali a jira hutun ƙarshen zango. A karɓi takardar canjin makaranta da katin sakamako, a kuma haɗa da tsofaffin littattafan rubutun yaro, domin su ne ke nuna wa sabon malami inda aka tsaya fiye da kowace takarda mai hatimi. Ranar farko uba ko uwa ya raka yaro har ƙofar aji ya gaisa da malami, kada a haɗa shi da ɗan maƙwabta a ce ku tafi.

Malama, ki sake rubuto mana in zangon ya ƙare, mu ji ko ta buɗe baki da kuma abin da hedimasta ya yanke. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗauko wasiƙar wani uba daga Jihar Jigawa da ke tambaya a kan yaron da ke rubutu da hannun hagu ana dukansa.